Maigidan Kaka Rifkatu Ya Ɓace a Mol

Washegarin Kirsimeti, tun ba a gama wanke tukwanen jiya ba, gidan Benson da ke Narayi ya kaure da ihu: yau za a je mol. Hadassah, 'yar shekara bakwai, ta sa takalmin hagu a ƙafar dama, ta cire, ta sake sa shi a inda ta cire shi. Ƙaninta Silva yana zagaya tsakar gida cikin sabuwar kwat da jan nakatai, hannu a aljihu, sai ka ce ɗan majalisar da aka rantsar da safen nan. Jaririya Lizzy ba ta san inda za a je ba, amma da ta ga kowa yana ihu, ita ma ta sa nata.

Kaka Rifkatu, mahaifiyar Benson, wadda ta zo biki daga ƙauyensu can bayan Kagoro, tana ɗaura ɗankwali a ɗaki sai ta jiyo ɗanta da matarsa ta tagar kicin. Yaran zamani sun ɗauka kunnen tsohuwa ya riga ta mutuwa, shi ya sa suke faɗin komai a kusa da ita.

"Ben, ba wai ba na so ba ne," in ji Dorcas. "Kwana huɗu a ƙauye fa. Ga rafi, ga rijiya ba murfi. Hadassah tana jin magana, amma Silva? Ni da ƙafafuna biyu lafiyayyu yana gagara ta, balle Mama."

"Ita ta raine ni, kin manta?"

"Shekara nawa ke nan? To, bari mu gani yau. Zan bar mata shi na rabin awa a mol. In na dawo na same shi a hannunta, su tafi su yi Sabuwar Shekara tare. In ba haka ba, kai za ka faɗa mata, ba ni ba."

Rifkatu ta ja ɗankwalin ta ƙara ɗaurewa tamau. Ta riga ta gaya wa dukan matan Zumunta na cocinsu cewa bana da jikokinta za ta dawo. Ta sa an shafe ɗakin baƙi da farar ƙasa, ta ware ɗan akuyan da za a yanka. Ta koma ita kaɗai da jaka a ka, matan can su yi ta tambayarta ina yaran? Rabin awa. Ita da ta taɓa riƙe 'ya'ya shida da awaki a ɗaki ɗaya a Kakuri!

Sai dai akwai wani abu game da yaron nan. Sunan kakansa aka sa masa, marigayi mijin Rifkatu, wanda ya yi aikin masaƙa shekara ashirin da uku, ya rasu a shekarar da soja suka miƙa mulki. Rifkatu kuwa tun ranar da aka kai ta gidansa ba ta taɓa kama sunansa ba. An ce girmamawa ce. Wataƙila. Ta dai kira shi mai taurin kai, ta kira shi sarkin mantuwa, ta taɓa jifansa da ludayi a gaban maƙwabta, duk ba wanda ya ce ta yi rashin kunya, tunda sunan bai fito ba. Ko a coci, in karatu ya bi ta kan sunan, tari take yi har a wuce. Da aka haifi jikan, iyayensa suka gutsure sunan suna ce masa Silva. Ita ko gutsuren ba ta taɓawa. Maigida take ce masa, shi kuma ya ce mata matata, ya riƙa tambayarta ina abincinsa.

A mota Hadassah da Silva suka yi ta gardama kan ko matattakalar mol mai tafiya da kanta tana cinye takalmin mutum. Benson ya ce ba ta ci. Silva ya ce to ƙafa fa? Har suka isa ba a gama shari'ar ba.

Mol ɗin sabo ne, kowa a kudancin Kaduna yana so a ce ya je. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, yaran suka fita suka sake shiga sau uku don su kama wanda ke buɗe ta. Ciki kuwa sanyi kamar an buɗe firiji an manta, fitilu ja da kore suna ƙiftawa, ga bishiyar roba ta kai rufi, ga wani ƙato cikin jajayen kaya da gemun auduga yana gumi yana ɗaga wa yara hannu. Rabin mutanen ba sayayya suka zo ba, hoto suka zo ɗauka. An hau matattakalar sau huɗu. Rifkatu ta hau sau ɗaya, ta sauka da mutuncinta, ta ce abin ba laifi, amma ragwaye aka yi wa.

Can Dorcas ta gyara goyon Lizzy, ta ce kamar yanzu abin ya faɗo mata, "Mama, bari mu hau sama da Hadassah mu duba takalmin makaranta. Ko za ki zauna da Silva a nan? Rabin awa kawai."

"Ku je abinku, 'yata. Ni da maigida muna da zance."

Benson ya sulale wajen talabijin, ya tafi kallon abin da ba zai saya ba.

Rifkatu ba ta yi wasa ba. Ta zaunar da yaron a benci, ta saya masa askirim, sannan ta zura bakin mayafinta ta ramin maɓallin kwat ɗinsa ta ƙulle, irin ƙullin da take wa akuya ranar kasuwa. Ta riƙe ɗaya bakin a hannu. In ya motsa, za ta ji.

"Rifkatu! Ke ce, ko idona ne?"

Maman Grace ce, tsohuwar maƙwabciyarta ta Kakuri, rabonsu da juna ya fi shekara goma. Aka rungume, aka saki, aka sake rungumewa. Ina gajiya, ya mutanen gida, ya ƙafa, ya bayan rabo. Wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ya aurar, wane fasto aka canza wa wuri kuma me ya sa. Duk wannan lokaci Rifkatu tana jin nauyin mayafin a hannunta, hankalinta kwance. Da Maman Grace ta tafi, ta juyo tana cewa, "Maigida, ka ga wannan matar, ita ce..."

Kwat na nan a kan benci, ƙulle da mayafi yadda ta bar ta. Mai kwat ne babu.

Ta duba ƙarƙashin benci. Ta zagaya bishiyar roba. Ta leƙa bayan mai gemun auduga. Yara masu farar riga da sabon aski sun fi ɗari a wurin, ba nata. Ta ɗaga kai sama ta ga ko Dorcas na leƙowa, ta yi maza ta cusa kwat ɗin cikin jakarta ta zuge. Sannan ta nufi wani mai gadi da ke tsaye kusa da ƙofa da oba-oba a hannu. An rubuta Abubakar a ƙirjinsa.

"Ɗana, ka taimake ni, amma a hankali, kada a yi surutu. Maigidana ne ya ɓace."

"Subhanallahi. Sannu, Mama. Yaya sunansa?"

"Ni in kama sunansa? A tsakiyar mutane?"

Abubakar ya yi murmushi. Kakarsa a Unguwar Sanusi haka take. "To, ba komai. Kwatanta mini shi."

"Gajere ne. Kansa a aske ƙwal. Haƙoran gaba biyu babu. Farar shat, jan nakatai."

"Yana jin magana sosai?"

"Ina fa! Sai ka ɗaga murya, ka maimaita sau uku."

"Ya san hanyar gida?"

"Ko hanyar banɗaki bai sani ba. Kuma ya sha sanyi yanzun nan, in ba a yi sauri ba zai jiƙa wando."

"Allah sarki," in ji Abubakar, yana girgiza kai. "Tsufa ke nan."

"Tsufan wa? Kai ma ka fara? Gaisuwa kawai na tsaya yi!"

"A'a, Mama, ba ke ba." Ya danna oba-oba ya rattaba kwatancen, ya ƙara da cewa a bi dattijon a hankali, ba ya ji sosai. Hayaniyar wurin ta hana Rifkatu jin ƙarshen. Ya kai ta teburin tambaya, inda wata budurwa mai suna Ngozika take zaune gaban lasifika, ta ba ta kujera. Rifkatu ta ƙi zama. Idonta na kan matattakala.

Ba a yi minti biyar ba sai ga wani mai gadin tafe, yana riƙe da hannun wani tsoho. Gajere. Kai ƙwal kamar ƙwarya. Farar shat, jan nakatai da ya ga Kirsimeti da yawa. Da ya yi murmushi, ƙofa a buɗe, haƙoran gaba babu.

"Ga shi, Mama. A sashen kujeru muka same shi, yana barci a kan wadda ta fi tsada."

Rifkatu ta dube shi daga sama har ƙasa. "Wannan kuma na wane ne?"

"Ba naki ba ne?"

"Allah ya kiyaye!"

Tsohon ya gyara nakatai. "Ni dai an tashe ni an ce matata tana nemana. Na ce matata shekararta takwas a gaban Ubangiji, amma bari in zo in gani, ko an yi mini canji." Ya dubi Rifkatu da kyau. "Ban ƙi ba. Sunana Joseph, na yi ritaya daga reluwe, ina da fansho in an biya."

"Baba, ka koma ka ƙarasa barcinka. Nawa ya fi ka kyau, kuma da ƙuruciyarsa."

Abubakar da Ngozika suka dubi juna.

"Mama," in ji Abubakar a hankali, "shekarunsa kamar nawa?"

"Biyar. Zai shiga shida a watan Maris."

Ta zuge jaka ta zaro kwat ɗin ta ɗaga. Ba ta fi tsawon hannun mutum ba, ga mayafi yana reto a jikinta.

Abubakar ya dafe tebur. Ɗaya mai gadin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ngozika, wadda a Sabon Tasha aka haife ta amma ba ta taɓa jin wannan ba, ta ce, "Mama, kin auri pikin? Ɗan yaro?" Baba Joseph ya zauna a kujerar da Rifkatu ta ƙi, yana dariya ba sauti, yana share ido da bakin nakatai.

"Jikanta ne," in ji Abubakar da ya samu numfashi. "Kai, ni ma da wauta. Kakata har gobe mijina take ce mini." Sai fuskarsa ta canza, don ya tuna ƙofar nan tana buɗe wa kowa, har ɗan shekara biyar, kuma bayanta motoci ne. Ya danna oba-oba da ƙarfi. "A bar neman tsoho! Yaro ne, yaro! A tsare ƙofa!"

Nan ne Rifkatu ta juya wajen ƙofa. Ta manta da Dorcas, ta manta da matan Zumunta. Minti uku ta yi tana kallon ƙofar gilashin tana buɗewa tana rufewa, ba ta san tana murɗa kwat ɗin kamar wanki ba.

Sai oba-oba ya yi ƙara. An gan shi. Yana cikin tagar wani shagon tufafi, tsaye tsakanin gumakan da ake sa wa kaya, hannu ɗaya a ƙugu, ko ƙifta ido ba ya yi. Mutane har hoto suke ɗauka da shi. Atishawa ce ta tona masa asiri.

Aka kawo shi a kafaɗa, askirim har kunne, yana ɗaga wa jama'a hannu. Rifkatu ta miƙa hannu biyu. Ngozika ta riga ta, ta jawo yaron bayan tebur.

"Yi haƙuri, Mama. Doka ce. Ba mu ba da yaro sai mai karɓa ya faɗi sunansa." Ta sunkuya, yaron ya raɗa mata a kunne, ta rubuta a takarda ta kife. "Oya. Faɗi."

"Ke 'yar nan, ba ki ga ya san ni ba? Maigida, gaya mata ko ni wace ce."

"Matata ce," in ji Silva. "Ba ta iya tsaron mutum ba."

"Kin ji ko?"

"Na ji, Mama, amma ba zan rubuta wa manaja cewa na ba da yaro ga matarsa ba. Suna kawai. Ko ki rubuta."

Rifkatu ta iya karatu tun ajin yaƙi da jahilci, rubutu ne hannunta bai taɓa yarda da shi ba. Ta dubi Abubakar. Ya buɗe hannuwa: ba ruwansa, shi ma bai san sunan ba.

"In ba za ki iya ba, sai in kira iyayensa su zo su karɓa," in ji Ngozika. Ta jawo lasifikar ta danna.

"Tsaya!"

Can saman matattakala, ga Dorcas ta sa ƙafa, Lizzy a baya, Hadassah na rungume da kwalin takalmi. Matattakalar tana sauko da su a hankali, ba ta tsayawa don kowa. In Dorcas ta iso ta tarar da ɗanta a bayan tebur, ita za ta karɓe shi da bakinta, magana ta ƙare. In kuwa ta tarar da shi a hannun kakarsa, to a hannun kakarsa ta same shi.

Shekara arba'in da bakwai Rifkatu tana zagaye sunan nan kamar rami a hanya. Wa ma ya kafa dokar? Ta laluba a ranta, ba ta tuna kowa ba sai wata gwaggo mai warin taba da ta faɗa mata ranar da za a kai ta. Shi mai sunan bai taɓa nema ba. Har ya taɓa ce mata, wata rana da yake cikin raha, yana so ya ji yadda zai fito a bakinta, ta ce ya jira.

Ta sunkuya kusa da Ngozika don kada kowa ya ji, ta rufe ido.

"Sylvanus," ta ce.

SYLVANUS, in ji rufin mol ɗin gaba ɗaya. Sama da ƙasa, sashen kujeru, wajen askirim, har banɗaki. Yatsan Ngozika yana kan maɓallin tun ɗazu.

A wajen talabijin, Benson ya saki rimot ɗin mutane ya faɗi. Muryar uwarsa ce, sunan ubansa ne, kuma bai taɓa jin su tare ba tun da aka haife shi. A kan matattakala Dorcas ta dafe ƙirji, ta manta ta ɗaga ƙafa a ƙarshe, sai da Hadassah ta ja ta.

Rifkatu ta buɗe ido ɗaya. Rufi bai faɗo ba. Fitilu na ta ƙiftawarsu. Ngozika ta buɗe takarda ta duba, ta tura mata yaron tana cewa, "Sorry, Mama, sorry," tana danne dariya. Rifkatu ta damƙi wuyan hannunsa, ba riga ba wannan karon.

Dorcas ta iso da gudu-gudu, Benson a bayanta. Ta dubi ɗanta, ta dubi masu gadi biyu, ta dubi kwat mai mayafi, ta dubi wani tsoho da ba ta sani ba yana mata murmushi ba haƙora.

"Mama, me ya faru?"

Rifkatu ta yi niyyar cewa ba komai. Amma duk Kaduna ta riga ta ji.

"Ya ɓace mini, 'yata. Na tsaya gaisuwa, ya tuɓe riga ya tafi. Na ji abin da kika ce a kicin, kuma ga shi kin yi gaskiya. Ba sai Benson ya faɗa mini ba."

Dorcas ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, ta gyara goyon da ba ya bukatar gyara.

"Amma Mama... sunan Baba fa kika kira."

"Sun ce ba za su ba ni shi ba sai na faɗa."

"Da kin jira ni, ai ina tafe."

"Da na jira ki, da ke kika karɓe shi."

Dorcas ta dubi surukarta. Sai ta matso, ta rage murya, ko da yake Benson na tsaye a wurin da kunnuwansa. "Ni sau biyu yana ɓace mini a kasuwar Sabo. Na biyun a cikin buhun gwanjo aka same shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

"Sau biyu?" in ji Benson.

"Kai yi mana shiru, kai da ka manta shi a wurin aski." Ta juya. "Mama, ku tafi. Amma a rufe rijiyar nan."

"Da faifan ƙarfe zan rufe ta, in ɗora dutse, in zauna a kai."

Hadassah ta yi tsalle har kwalin takalmi ya buɗe. Lizzy ta farka ta sa ihu. Baba Joseph ya tambaya ko akwai wuri a motar Kagoro, Rifkatu ta ce akwai, a but. Wata irin dariya ta taso mata daga ciki, ta kasa tsayar da ita. Ta ji bakinta sakayau, kamar an cire mata ƙashin kifin da ya daɗe a maƙale.

"Sylvanus," ta sake cewa, ba lasifika, don kawai ta ɗanɗana. "Kai! Ashe sunan da daɗi. Sylvanus. Mutumin nan ya yi ta fama da ni, ashe abin da na hana shi ke nan."

Benson ya juya yana kallon bishiyar roba, yana ta ƙifta ido.

Ƙaramin mai sunan kuwa ya ɓata rai. Ya ja zanenta. "Kaka, me ya sa kike kiran sunana? Kin sake ni ne?"

"Ni in sake ka, bayan wahalar da na sha? Sa kwat ɗinka, mu je ka saya wa matarka askirim. Uban naka zai biya."